Ƙofa ta Ashirin da Biyu

Kafin in fara ina roƙonku abu ɗaya, kada wadda ta ce min ai ya kamata in gane tun da wuri. Na faɗa wa kaina hakan ya fi sau ɗari daga ranar Asabar zuwa yau. Ni ce wadda ake kira idan kwamfutar wani ta ƙi tashi, ni ce mai yi wa mutane faɗa a kan kalmar sirri, amma wata bakwai na yi da ƙofa a buɗe a ɗakin kwanana ban sani ba. Saura kwana talatin da ɗaya aurena. Wannan rubutun ma a wayar aro nake yi, za ku ji dalili.

Ina aiki a wani kamfani da ke kula wa ƙananan asibitoci da shagunan magani da kwamfutocinsu. Muna riƙe da manyan kwamfutoci sittin da huɗu masu ajiye bayanai, waɗanda muke kira saba. Ofishinmu yana hawa na biyu, ba taga ko ɗaya, sanyin na'ura kuwa sai da na ajiye rigar sanyi a bayan kujerata. Teburina yana kallon bango. A bayana akwai ofishin shugaban sashenmu, bangonsa na gilashi ne, idan allon kwamfutata ya yi duhu ina hango inuwarsa a ciki yana zaune.

Shi ne wanda zan aura. A ofis Injiniya ake ce masa, a gidanmu ma Injiniya. Shekararsa talatin da shida, bai taɓa aure ba, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, rigarsa kullum kamar yanzu aka ɗauke dutsen guga daga kanta. Gara in faɗi gaskiya tun yanzu: ba wanda ya yi min dole. Da bakina na ce ina so.

Shekarata ashirin da tara, maganar aurena sau biyu tana lalacewa a baya. Duk ranar da wata gwaggo ta bugo waya ta tambayi Mama "har yanzu shiru?" to ranar sai an nemo mata abin awon hawan jini. Yayata kuma, mai 'ya'ya uku, ba ta zuwa gida ta tafi ba ta tuna min cewa tana da na biyu a goye lokacin da take shekaruna. Saboda haka da Injiniya ya fito, gidanmu gaba ɗaya ya sauke numfashi. Shi ya saka mana intanet a gida da hannunsa, ya hau tsani da farar riga. Shi ya ba ni laftof sabuwa fil, ya ce ya riga ya saita min komai kada in wahala. Shi yake zuwa ɗaukata ƙarfe bakwai da kwata, ya dawo da ni ƙarfe biyar. Mama ta daina kiransa da komai sai "ɗana".

Ni kuwa abin da ya saye ni daban ne. Ya san ni, ko kuma haka na ɗauka. Akwai wani takalmi mai ruwan ƙasa da na kalla sau uku a intanet ina rufewa, ban faɗa wa kowa ba. Bayan mako guda sai ga shi a kwali a kan kujerar mota, daidai ƙafata. Akwai ranar da Yaya ta gasa min magana, na shige ɗaki na zuba komai a fayil ɗin da nake rubuta damuwata. Washegari muna kan hanya ya ce kada in riƙa sa maganar mutane a raina, ko da 'yan'uwa ne. Ranar sai da na shiga banɗakin ofis na yi kukan daɗi. Na ce Allah Ya kawo min mai karanta fuskata.

To ga yadda abin ya fito.

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce aka sanar da mu cewa masu binciken tsaro za su zo kamfani, suna son jerin duk sabobinmu, da shaidar cewa kowace tana nuna sanarwar gargaɗi ga mai son shiga. Bari in yi muku bayani a sauƙaƙe. Kowace saba tana da ƙofofi masu lamba. Ta ashirin da biyu ita ce ta masu kula da ita, wadda muke ce wa SSH, ta nan muke shiga daga nesa mu yi gyara. Idan ka ƙwanƙwasa, tun kafin ta tambaye ka ko kai wane ne za ta faɗa maka sunanta da zubinta, wato samfurin manhajarta, a layi ɗaya. Idan ka nemi shiga, sai ta karanto maka sanarwar da aka rubuta mata, sannan ta nemi makulli.

Bara Maman 'yan biyu, wadda teburinta ke kusa da nawa, ita ta yi wannan aikin da hannu, ɗaya bayan ɗaya, da biro da takarda, ta yi wuni biyu tana tsaki. Ni na ce zan rubuta 'yar manhaja da za ta bi su duka ta ƙwanƙwasa, ta kwafo abin da kowace ta ce, ta zuba a jeri. Layin farko bai ba ni wuya ba. Sanarwar ce ta ƙi zuwa. Sai ranar Juma'a da rana na gane cewa saba ba ta sakin sanarwar sai an gama daidaita hanyar sirri tsakaninku, sannan ka miƙa suna ba tare da makulli ba, kamar mai son shiga da gaske. Tana ƙin ka, amma kafin ta ƙi ta riga ta karanto maka. Da na ga sanarwar farko ta faɗo a allona, har rawa na yi a kan kujera. Maman 'yan biyu ta ce in bari sai ranar bikina.

Abu ɗaya ya rage. Ina son in tabbatar idan manhajar ta tarar da ƙofa a rufe ba za ta tsaya jira har abada ba, za ta ba ta daƙiƙa biyar ta wuce. Na ce zan gwada a gida.

Ranar Asabar gidanmu cike yake. Tela za ta kawo kayana ƙarfe goma sha ɗaya, Yaya ta zo da yaranta tun da safe, ƙaramin yana bin ɗakuna da cokali yana buga ƙofofi. Na kulle kaina, na hau gado da laftof a cinya, ko ɗankwali ban ɗaura ba. Ina buƙatar kwamfutar da na tabbata ba ta da wannan ƙofar, kuma wace ce ta fi tawa? Ni ban taɓa buɗe mata ba. Na sa adireshinta na danna, ina jiran in ga "babu amsa".

Ko daƙiƙa ɗaya ba a yi ba ta amsa.

Ga layin farko, suna da zubi. Ga sanarwa a ƙasansa, da Turanci, ma'anarta: wannan na'ura tana ƙarƙashin kulawa, duk abin da aka yi a kanta ana gani kuma ana ajiyewa, idan ba a ba ka izini ba ka juya. Sai taurari uku a ƙarshe. A kalmar izinin akwai haruffa biyu da suka yi musayar wuri. Na san wannan kuskuren, jiya-jiya na gan shi a duk sabar da na gwada a ofis. Injiniya ne ya rubuta sanarwar shekaru da suka wuce, ya sa ta cikin fayil ɗin da yake saita kowace na'ura da shi, ba wanda ya taɓa samun ƙarfin halin ce masa ya gyara.

Kun san abin da na fara yi? Kare shi na fara yi. Na ce ƙila da wannan fayil ɗin ya saita min laftof don sabo, ƙofar ta biyo ba da saninsa ba. Ƙofa a buɗe ai ba ta nufin an shiga. Da wannan tunanin na buɗe rajistar da kwamfuta ke rubuta duk wanda ya shigo, don in wanke shi.

Kullum ne. Ƙarfe shida da rabi na safe, wani lokaci da minti biyu, wani lokaci da minti biyar, kafin ya fito ɗaukata ke nan. Asabar da Lahadi sau biyu. Shiga ta farko washegarin ranar da ya ba ni ita. Makulli ɗaya tal aka yarda ya buɗe ƙofar, a ƙarshensa kuma ga sunan kwamfutar ofishinsa. Na bi sawun abin da yake ɗauka, har na isa wata ɓoyayyar ma'ajiya cike da hotuna. Duk minti biyar, muddin laftof ɗin tana kunne, tana ɗaukar hoton allon.

Na buɗe kaɗan daga tsofaffin. Ga takalmin mai ruwan ƙasa. Ga hirata da ƙawata ta makaranta, inda take ba ni labarin ɓarin da ta yi, ta ce kada in faɗa wa kowa. Ga rubutuna a kan Yaya. Ga wani da na rubuta a kansa shi kansa, wanda ko a nan ba zan iya maimaitawa ba don kunya.

Wayata ta yi ƙara a gefen filo. Shi ne.

"Tela ta iso? Ki fara gwada mai ruwan zumar, na san ita ce a ranki."

Jiya da daddare na yi minti goma ina kallon hoton wannan rigar a laftof.

Sai a lokacin na tuna cewa hoton bai daina ɗauka ba. Duk abin da nake dubawa yanzu yana cikin ma'ajiyar, yana jiran shigarsa ta yamma. Na kashe intanet ɗin laftof, na goge hotuna tara na ƙarshe da duk alamar gwajin da na yi. Hannuna ya je kan umarnin da zai rufe ƙofar gaba ɗaya, layi ɗaya ne, na fi kowa iya shi. Na kasa dannawa. Idan na rufe, yau ɗin nan zai sani. Kuma ban san wane ne shi ba idan ya san na sani. Na mayar da komai yadda yake, na buɗe hoton rigar na bar shi a allo, na amsa masa da "To" da 'yar zuciya ɗaya.

Mama tana ta buga ƙofa, tela ta iso.

Haka na tsaya a tsakiyar falo hannuwa a buɗe, tela da allurai a baki tana zagaya ni. Rigar mai ruwan zuma doguwa ce har ƙasa, an yi mata aikin duwatsu a wuya da bakin hannu, ta ɗan matse ni a ƙirji. Tela ta ce in daina riƙe numfashi, ni kuwa ban ma san na riƙe ba. Yaya tana ɗaukar hoto tana cewa in yi murmushi, sai ka ce za a kai ni asibiti. Mama ta zauna a hannun kujera tana goge ido da gefen mayafinta, tana cewa ba ta ɗauka za ta ga wannan ranar ba.

Ranar Lahadi da hantsi na same ta a kicin tana yanka albasa, Yaya tana wanke kwanuka. Na yi iya ƙoƙarina in faɗa da kalmomin da za ta gane. Na ce kamar mutum ya ba ka akwati kyauta ne, ya riƙe makulli ɗaya, kullum da safe ya zo ya buɗe ya karanta wasiƙunka. Mama ta ajiye wuƙa ta kalle ni.

"Ya taɓa zaginki?"

"A'a, Mama."

"Kin kama shi da wata?"

"A'a."

"To me ya ɗauke miki a ciki?"

Yaya ta kwashe da dariya, ta ce ita nata mijin shekara goma ko lambar takalminta bai sani ba, ni na samu mai bibiyar abin da nake so ina neman kai ƙara. Ta ce wadda ba ta ɓoye komai ba ta tsoron a duba. Mama ba ta yi dariya ba. Ta dafe ƙirji, ta ce a miƙo mata maganinta a kan firji. Bayan ta haɗiya ta riƙe hannuna da hannunta mai warin albasa, ta ce an riga an raba katin gayyata, ta roƙe ni don girman Allah kada in sa ta sake shiga bakin dangi karo na uku. Ta ce kada Baba ya ji.

Ranar Litinin ƙarfe bakwai da kwata motarsa tana ƙofar gida. Ya buɗe min ƙofa daga ciki kamar kullum, ƙamshin turarensa ya cika motar. Ya ce na yi shiru a ƙarshen makon nan, ko laftof ban cika buɗewa ba. Sai ya yi sauri ya gyara, ya ce yana nufin bai gan ni a kan layi ba. Da a da ne da ban ji komai a maganar ba. Na ce kaina ke ciwo. Ya rage sanyin motar, ya kashe rediyo.

A ofis na saki manhajar a kan sabobi sittin da huɗu. Cikin minti biyu ta gama. Sittin da ɗaya suka amsa da sanarwarsu, uku ba su da ita, na rubuta a gyara. Injiniya ya fito daga ofishin gilashi ya tsaya a bayana, ya dafa kan kujerata, ya ce wa kowa ya zo ya ga aikin hankali. Aka tafa min. Ni kuwa ina kallon allon, jimla ɗaya sau sittin da ɗaya a jere, duk abin da aka yi ana gani.

Maman 'yan biyu ce ta lura. Lokacin cin abinci ta ja ni zuwa matattakalar baya inda ake ajiye tsofaffin kujeru, ta ce fuskar nan ba ta amarya ba ce, in faɗa mata. Ita ba sai na kawo misalin akwati ba, jimla uku ta gane. Ta zauna a kan matakala. Sannan ta tambaye ni abin da ni ban tambayi kaina ba: a wata bakwai ɗin nan, akwai abin da na jira bai zo ba?

Akwai. Wata huɗu da suka wuce na nemi gurbin horo na shekara guda a wata cibiyar koyon tsaron kwamfuta a wani gari. Mutum goma sha biyu kawai suke ɗauka. Ban faɗa wa kowa ba, na ce sai na ga sakamako. A laftof na cike komai. Da shiru ya yi yawa na ɗauka ba su ɗauke ni ba, na haɗiye abina.

Ta miƙo min wayarta. Na nemo lambar cibiyar na kira, wata mata a ofishin rajista ta ɗauka. Na faɗi sunana, na ji tana danne-danne. Ta ce ai sun ɗauke ni, ni ce ta uku a jerin, sun aiko min da takarda tun watanni uku da suka wuce, kuma na ba su amsa washegari. Na roƙe ta ta karanta min amsar. Ta karanta. Wai ina godiya, amma zan yi aure, ni da maigidana mun yanke shawarar ba zan samu zuwa ba, a ba wani gurbin. Daga adireshina aka aika. Har yadda nake rufe wasiƙa, da gajeren sunana a ƙasa, haka aka yi.

Na ce mata ba ni na rubuta ba. Sai matar ta rage murya ta ce wani ya janye a makon jiya, gurbi ɗaya yana nan. Idan na zo da kaina da ainihin takardun karatuna kafin ƙarfe goma sha biyun ranar Alhamis, nawa ne. Bayan haka ba abin da za ta iya yi.

Maman 'yan biyu ta ce in riƙe wayar, tana da wata a gida. Na sa ta a cikin safa, a ƙasan jaka.

Da ya sauke ni da yamma ban shiga ɗaki ba. Baba yana zaune a baranda a kujerarsa ta roba, tabarau a kan hanci, yana gyaran wata tsohuwar fitila. Shekara talatin ya yi yana shugabantar makaranta, ya kori malamai biyu a kan buɗe takardar jarrabawa kafin lokaci. Na ce idan akwai wanda zai gane mene ne buɗe abin da ba naka ba, shi ne. Na durƙusa a gefensa na faɗa masa komai, ƙofar, hotunan, wasiƙar. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ya cire tabarau ya naɗe.

"Takardar makarantar na gan ta, uwata. Shi ya kawo min."

Na ce ya faɗa min yadda aka yi.

Ya ce Injiniya ya bugo ta a takarda ya zo masa da ita, hankalinsa a tashe, yana tsoron zan tafi in bar maganar auren. Shi kuma Baba ya ce masa ya je ya san yadda zai yi ya shawo kan abin cikin ruwan sanyi. Bai san ta wace hanya ya samo takardar ba, bai kuma tambaya ba. Ya ce wasiƙar da aka rubuta da sunana ba daidai ba ne, zai yi masa magana bayan biki. Amma shekara guda a garin da ba mu da kowa, ga mahaifiyata da ciwonta, ga mutum ya fito da gaskiyarsa, me zan yi da wata takarda kuma? Ya ce ba ƙina yake yi ba. Kuma na yarda, abin da ya fi ci min rai ke nan, a fuskarsa babu komai sai tausayina.

Na share hawaye na ce to na ji, amma ina son takardun karatuna, zan yi amfani da su a ofis. Duk takardun gidanmu a kabad ɗinsa na ƙarfe suke, tun daga na haihuwa. Ya mayar da tabarau ya ɗauki fitilarsa.

"Suna wurin Injiniya. Mako uku ke nan, ya ce zai haɗa da nasa a sabon gida."

Na roƙe shi kada ya faɗa masa mun yi wannan maganar. Ya ce ya ji.

Talata, wato yau, na tashi tun kafin shida. Na yi wanka, na sa doguwar riga ruwan toka, na zauna a bakin gado da laftof. Na daɗe ina kallonta. Wata bakwai yana karanta ni yana kawo min abin da ya karanta, bai taɓa fashi ba. Na buɗe fayil ɗin damuwata, na rubuta da irin muryar da ya saba ji. Na ce jiya na yi ta tunanin falonmu na sabon gida. Na ce babu abin da nake so kamar in ga takardar digirina da tasa a cikin firam iri ɗaya, a jere a bango, in kai wa mai firam da kaina in zaɓi kalar katako, amma ina jin nauyin tambayarsa kada ya ce na cika son nuna kai. Na ƙara da cewa na yi sa'ar miji. Da na rubuta wannan layin sai da na tashi na kuskure bakina.

Na bar ta a kunne a kan gado. Ƙarfe shida da minti talatin da uku 'yar fitilar akwatin intanet da ke falo ta fara ƙiftawa da sauri. Ina tsaye da kofin shayi ina kallonta har ta lafa.

Bakwai da kwata ya iso. Na sa laftof a jaka, wayar aro tana ƙasa a cikin safarta. Mama ta raka ni har ƙofa tana gyara min mayafi, ta leƙa ta ce a gaishe da ɗanta.

Ina shiga motar na gan ta. Babbar ambulan ɗin takarduna, ruwan ƙasa, a gaban gilashi, gefenta ya ɗan lanƙwashe, da rubutun Baba a bayanta. Sunana ne. Idan na miƙa hannu zan taɓa ta. Na haɗe hannuwana a kan jaka don kada su yi abin da ban sa su ba.

Ya ja mota yana murmushi. Ya ce wani tunani ya zo masa da safen nan, me zai hana mu sa takardunmu a firam mu rataya a falo? Ya san wani mai firam, idan mun tashi aiki sai mu biya tare. Na ce kai, kamar ya shiga raina. Ya yi dariya ƙasa-ƙasa, ya ɗauki ambulan ɗin ya sa a aljihun ƙofar da ke gefensa.

Mun kai fitilar kan hanya ta biyu, ja ta tsayar da mu. Ya danna makullin ƙofofi kamar yadda yake yi idan masu talla sun matso. Bai kalle ni ba, idonsa yana kan fitilar, yatsansa yana ɗan buga sitiyari.

"Af, Baba ya kira ni jiya," ya ce. "Wai kwamfutarki tana ba ki matsala."

Ya miƙo hannu, tafinsa a buɗe, a hankali kamar mai karɓar jariri.

"Kawo ta in duba miki."